Venza da ƙafata ta hagu: wata takwas ke nan ina tuƙa ta

Tun da na yi hatsarin babur a hanyar Samaru shekara huɗu da suka wuce, ƙafata ta hagu ba ta sake komawa daidai ba. An sa mini ƙarfe a ƙugu, gwiwar kuma ba ta lanƙwasuwa sai kaɗan. Tafiya da sanda nake yi, salla kuma a kan kujera, alhamdulillahi. Abin da ya gagare ni shi ne tsohuwar motata, Peugeot 406, irin wadda aka haɗa a Kaduna, da muka yi shekara 11 tare. Taka kuloci ya zama azaba, amma ko shi bai kai fita daga cikin motar ba. Wanda bai taɓa ciwon ƙugu ba ba zai gane ba. Shiga ƙaramar mota faɗawa ce kawai, ka saki jiki ka zube. Tashin ne aiki. Sai na kama ƙofa, na kama sitiyari, na ce "ya Allah" sau biyu, sannan yaro ya zo ya ja ni kamar ana fid da guga daga rijiya.

Da na ce zan canza, kowa ya zo da tasa shawarar. Masu cewa Corolla ko Camry sun manta cewa ramin da nake gudu ke nan. Wani abokina ya ba ni Prado ɗinsa in gwada, na tsaya a bakin ƙofa ina kallon kujerar kamar mai shirin hawa raƙumi. Sienna ta yi mini daɗin zama, sai dai tsawonta ya fi ƙarfin garejina, ga shan mai, tunda aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kuwa ba mai wasa da wannan lissafin. Mai gashin ƙashin da ke duba ni ce ta ba ni ma'aunin da ya fi na kowa amfani. Ta ce, "Baba, ka tsaya a gefen motar, in kujerar ta zo daidai ƙugunka ko ƙasa kaɗan, ita ce taka. Ka fara zama ta baya, sannan ka juyo da ƙafafun tare."

Da wannan ma'aunin na faɗa kan Toyota Venza ƙirar 2011, mai silinda huɗu, inji 2.7, giya otomatik, shigowar Kwatano. Kuɗinta kun san yadda yake, ba sai na tayar wa kaina da hawan jini ba.

Ranar da ta shiga raina ita ce wata Asabar da muka je ɗaurin aure a cikin birnin Zariya. Na faka a gindin wata bishiyar darbejiya, jama'a cike, abokan aikina na da duk suna zaune a kan tabarmi. Irin wurin da na fi tsana ke nan, don a da sai an taru a kaina, wannan ya riƙe hannu, wancan yana "sannu Alhaji, a hankali", kowa ya juyo yana kallo. Autana ya riga ya zagayo da gudu kamar yadda ya saba. Ni kuwa na danna maɓallin kujera ta ja baya har ƙarshe, na buɗe ƙofa, na juyo da ƙafafuna biyu waje. Sai na ji tafin ƙafata ya taɓa ƙasa ina zaune, gwiwata ba ta ɗago sama da ƙugu ba. Dokin ƙofar siriri ne, ba sai na tsallaka wani tudu ba, kuma da yake ƙofar ce ke rufe shi, babu taɓon da zai shafe mini babbar riga. Na dafa sanda na miƙe tsaye. Shi ke nan. Yaron ya tsaya da hannu a miƙe, ya rasa abin da zai kama. Ya ce, "Baba, ka fito?" Na ce, "To da me ka gani?" Wallahi sai da na ɗan juya baya na gyara hula don kada a ga idona. Shekara huɗu ban fita daga mota ba tare da hannun wani ba.

A wannan makon duk wanda ya tambaye ni, cewa nake yi ya rufe ido ya saya.

Sai tafiyar Jos ta zo. Kafin in biya kuɗi na tambayi dillalin da ya kawo motar, baki da baki, ko akwai wani abu da ƙafar hagu za ta yi a cikinta. Ya dafa ƙirji ya ce, "Haba ranka ya daɗe, otomatik ce fa, ƙafarka ta hagu hutu za ta yi har abada." Ashe birkin ajiye motar ba na hannu ba ne. Feda ce a can ƙasa ta gefen hagu, kusa da ƙofa, ka taka ta kama, ka sake takawa ta saki. Haka yawancin irin waɗannan motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka suke, motar ba ta ɓoye komai ba, shi ne bai faɗa ba, ni kuma ban sunkuya na duba ba. A Zariya ban damu ba, ƙasa shimfiɗe take, in na sa giya a P, wato ta fakin, na gama. Amma gidan surukaina a Jos a kan gangare yake. Na tsaya, na sa P, na ɗaga ƙafa daga birki, motar ta ɗan zame ta tsaya. Da muka tashi tafiya bayan la'asar giya ta ƙi fita. Na ja, na ja, kamar an yi mata walda. Sai da samari uku suka tura ta sama kaɗan, sannan ta fita da wata ƙara "ƙwas" da na ji har cikin haƙorina. Ni da na zo ina taƙama ba mai taimaka mini, ga ni a gaban surukai ana tura ni.

Bakanikena ya yi mini bayani da na dawo. Ya ce wani ɗan ƙarfe ne kamar ƙugiya a cikin giyabos ke riƙe motar in an sa P, kuma in aka bar masa nauyin mota a gangare ba birki, sai ya cije. Ya ce in na ci gaba da haka, wata rana zan sayi abin da ban shirya ba. Na kira dillalin, ya ce wai ai ba ya ɗaukar wannan a matsayin feda. Ban sake kiransa ba.

A wannan daren na ce da Matrix na saya, mai birki a hannu, ko da ta fi tsufa ta fi ƙanƙanta. Har yanzu in na tuna, raina yana ɗan sosuwa. Dabarar da na samu ita ce sandata. Ƙafar dama a kan birki, in sa robar gindin sanda a kan fedar in danna da hannu biyu har ta kama, sannan in sa P. Yana yi, amma ba abin da za ka so a gan ka kana yi ba ne, kuma wanda hannunsa ba ƙarfi kada ma ya fara.

Tunda na fara ƙorafi bari in ƙarasa. Tayarta inci 19 ce, lamba 245/55. Ranar da rami ya fasa mini ɗaya kusa da Mararrabar Jos, sai da aka zagaya shago huɗu kafin a samu, kuɗin kuma ya kusa sayen biyu na tsohuwar motata. Kujerar fata tana taimaka mini wajen juyawa, santsinta nake so, amma a watan Afrilu in ta sha rana sai ka shimfiɗa darduma. Ƙofar kuma faɗi gare ta, dole in buɗe ta gaba ɗaya kafin ƙafar ta fita. In wani ya matse ni a wurin fakin, na zauna ke nan sai ya dawo. An ce tun Janairun 2019 Buhari ya sa hannu a dokar kare masu buƙata ta musamman, amma ni dai a wuraren da nake zuwa, in ma an ware wurin fakin, lafiyayye ne ke riga ni.

'Yata ta aiko mini da wani ɗan ƙarfe mai mariƙin roba da ake zurawa a kunnen da ƙofa ke kamawa, in dafa in tashi. Yana cikin aljihun ƙofa, sau biyu kawai na yi amfani da shi, duka a ranar sanyi da ƙugun ya ƙi.

Ƙanina ya yi mini tayin musanya da Matrix ɗinsa har da ciko. Na ce ya kawo ta ranar Juma'a in gwada fita daga cikinta a ƙofar masallaci. Har yau ban kira shi na sa masa lokaci ba.