Shekara guda ina biyan kuɗin kallon kurket a waya: abin da na samu, da abin da ya tsaya mini a rai

A Haidarabad na kamu da son kurket, lokacin da nake karatun haɗa magunguna. Duk wanda ya zauna a Indiya ya san wasan nan ba ya barin kowa: mai shayi yana sauraro, direban a-daidaita-sahu yana sauraro, malaminka ma yana leƙa waya tsakanin darasi da darasi. A 2016 da Sunrisers, ƙungiyar Haidarabad, ta ci kofin IPL, gasar ƙungiyoyin Indiya, a ƙarƙashin David Warner, ina cikin waɗanda suka fita titi a daren. Da na dawo gida Kaduna sai na rasa abokin hira a kansa, na yi shekaru ina bin sakamako a rubuce kawai. A watan Janairun 2025 ne na daure na biya kuɗin shekara guda na wata manhajar kallon wasanni kai tsaye, saboda kurket kaɗai. Yanzu shekarar ta cika, ga abin da na gani.

Ga wanda bai saba ba, wasan iri-iri ne. Akwai na asali da ƙasashe ke bugawa da fararen kaya, wanda ke iya ɗaukar kwana biyar, shi ake kira Test. Akwai kuma gajere, T20, inda kowane ɓangare ke da jifa 120 kacal, a gama cikin awa uku da ɗoriya. A kan gajeren nan ne attajirai suka kafa ƙungiyoyi irin na kamfani, suna sayen 'yan wasa a gwanjo, kuma IPL ta Indiya da aka fara a 2008 ita ce uwarsu.

Ta fuskar hoto da sauti, manhajar ta biya ni. Idan intanet ɗin gida yana da ƙarfi, har ɗinkin ƙwallo kana gani tana juyawa a iska. Tana rage ingancin hoton da kanta idan layi ya yi rauni, maimakon ta tsaya cak, kuma akwai wurin da za ka zaɓi ƙaramin hoto don tsimin data. Ina ba da shawarar a yi amfani da wurin nan, domin wasa ɗaya a babban hoto yana lashe data ba kaɗan ba. Lokacin IPL ma ya yi mana daidai: wasan ƙarfe 7:30 na dare a Indiya ƙarfe 3:00 na rana ne a nan. An buɗe gasar ranar 22 ga Maris, azumi na gab da ƙarewa, sai ya zama ina ajiye wayar in je La'asar in dawo, wasa kuma ya ƙare daf da buɗa-baki.

Kuma gaskiya na ga abubuwan da ba zan manta ba. Ranar 28 ga Afrilu ina kallo wani yaro ɗan shekara 14, Vaibhav Suryavanshi, ya ci maki 100 a jifa 35 a Jaipur, yana dukan ƙwallon manyan masu jifa na duniya kamar a ƙofar gidansu yake. Ranar 3 ga Yuni na ga Virat Kohli ya durƙusa yana hawaye a Ahmedabad bayan ƙungiyarsa RCB ta Bengaluru ta doke Punjab Kings da maki 6, kofin da ya shekara 18 yana nema. Washegari mutum 11 suka rasu a turmutsutsun murna a ƙofar filin Chinnaswamy da ke Bengaluru, labarin da ya sa na kwana biyu ban buɗe manhajar ba.

To amma ɗana ne ya fara nuna mini abin da ya zo ya dame ni, kuma shekarunsa tara. A Janairu mun kalli gasar SA20 ta Afirka ta Kudu tare, ya zaɓi MI Cape Town saboda shuɗiyar rigarsu, suka kuma ci kofin ranar 8 ga Fabrairu. Da IPL ta zo, ya ga Mumbai Indians ta fito, sai ya ce, "Abba, ai waɗannan su ne na Cape Town, ga Boult can, ga Rickelton." Na ce masa wata ƙungiya ce daban, a wata ƙasa daban. Ya ce to me ya sa riga ɗaya, mutane ɗaya? Na buɗe baki zan yi bayani, sai na ga shi ne da gaskiya. Mai ƙungiyar ɗaya ne, MI ma taƙaitawar Mumbai Indians ce. A watan Yuni da Yuli muka sake ganin Trent Boult a Amurka da rigar MI New York. Mutumin New Zealand ne, amma tun Agustan 2022 ya nemi hukumar ƙasarsa ta sake shi daga kwantiraginta, kuma a shekarar da na biya kuɗin nan, a rigar kamfani na riƙa ganinsa a nahiyoyi uku.

Duka ƙungiyoyi shida na SA20 mallakar masu ƙungiyoyin IPL ne: Super Kings a Johannesburg, Royals a Paarl, Capitals a Pretoria, Super Giants a Durban, Sunrisers a Gabashin Cape, sai MI. A Hadaddiyar Daular Larabawa akwai ILT20, wadda aka buga a daidai lokacin SA20 a farkon 2025, can ma ga MI da Knight Riders da Capitals. A 2025 Ingila ma ta sayar da hannun jari a ƙungiyoyin gasarta ta The Hundred, huɗu daga cikin takwas suka shiga hannun masu IPL. Manhajar ta yi mini alkawarin kurket kusan kowace rana, ta kuma cika. Sai dai bayan wata shida na lura na daina tuna wa ya ci wa. Fuskoki ɗaya, masu sharhi kusan ɗaya, kiɗa ɗaya idan ƙwallo ta tsallake layi, filin ne kawai ke sauyawa.

Ba na zargin 'yan wasan. A 2022 an sayar da haƙƙin nuna IPL na shekara biyar a kan sama da dala biliyan 6. A gwanjon da aka yi a Jidda a Nuwamban 2024, Lucknow ta sayi Rishabh Pant a kan rufi miliyan 270, na wasan wata biyu. Ɗan wasa daga Trinidad ko Durban yana da shekara goma zuwa sha biyar ne kafin gwiwa ta gaza, yana da iyali, hukumar ƙasarsa kuma ba za ta iya ba shi ko kusa da wannan ba. Wanda ya ga inuwa ba ya zama a rana. Duk da haka raina ya sosu a farkon Yuni, da Heinrich Klaasen ya ajiye rigar Afirka ta Kudu yana da shekara 33, bayan mako guda kuma Nicholas Pooran ya ajiye ta West Indies, tawagar haɗin gwiwar ƙasashen Karebiyan, yana da 29. Shekara 29! Lokacin da mai bugu yake kan ganiyarsa ke nan. Wata guda bayan haka na gan shi yana ɗaga kofi a Amurka a matsayin kyaftin ɗin MI New York.

Akwai wani abu da ba kowa ke faɗa ba. Hukumar kurket ta Indiya ba ta barin 'yan wasanta maza da ke kan aiki su je gasar wata ƙasa. Wato kowa yana kai mata nasa taurarin, ita nata suna gida. Kuma idan IPL ta fara, wasannin ƙasashe kusan tsayawa suke yi har ta gama. Babu wata gasa da ake yi wa wannan.

A nan ne babban ƙorafina da manhajar yake. Shafinta na farko na gasannin kamfani ne, da manyan hotuna da agogon da ke ƙirga lokacin farawa. Wasan kwana biyar kuwa sai ka yi ta gangarawa ƙasa kana lalube, wani lokaci sai ka rubuta sunan ƙasashen da hannunka. Sanarwar da take turowa waya ma haka: ta tashe ni sau da yawa a kan wasan T20 da ban nema ba, amma ba ta sanar da ni fara wasan ƙarshe na gasar Test ta duniya ba. Na rubuta wa masu kula da abokan ciniki sau biyu, amsar da na samu iri ɗaya ce, ta godiya da alkawarin dubawa. Ga kuma talla. A IPL akwai hutun minti biyu da rabi da ake yi sau biyu a kowane ɓangare, da sunan shawara tsakanin koci da 'yan wasa, kuma talla ake cika shi da ita. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yawan tallan caca, ga yaro a gefena. Na biya kuɗi cikakku, ya kamata a ce akwai maɓallin da zan kashe irin wannan tallan. Babu.

Wasan ƙarshen nan da ba a sanar da ni ba shi ne mafi daɗin abin da na kalla a shekarar. Filin Lord's a Landan, 11 zuwa 14 ga Yuni, Afirka ta Kudu da Ostireliya. Agogonmu ɗaya da Landan a lokacin, don haka na jingina wayar a kan kanta a shago ina sallamar masu sayen magani ina leƙawa. Kagiso Rabada, mai jifan Afirka ta Kudu, ya fitar da masu bugun Ostireliya tara a wasan. A rana ta uku Temba Bavuma ya ji ciwo a cinya, yana ɗingishi tsakanin sanduna, ya ƙi fita, ya tsaya tare da Aiden Markram awa bayan awa har ya ci 66. Markram ya ci 136. Babu kiɗa, babu wuta mai tartsatsi, sai haƙuri da juriya, kuma kowace jifa da nauyinta. Da Afirka ta Kudu ta ci, kofinta na farko na duniya tun 1998, na rufe shago na ɗan lokaci na zauna shiru.

Abin da ya sa nasarar ta ƙara taɓa ni shi ne na san inda suka fito. A Fabrairun 2024 Afirka ta Kudu ta tura tawaga New Zealand ba tare da manyan 'yan wasanta ba, domin hukumarta ta tsare su a gida su buga SA20. Kyaftin ɗin tawagar, Neil Brand, bai taɓa buga wa ƙasarsa Test ba kafin ranar. Aka ci su duka wasannin biyu. Hukumar ba ta yi haka don wauta ba, gasar ce ke kawo mata kuɗin da take rayuwa da shi. A zagayen gasar Test ɗin da suka lashe, wasa 12 suka buga, Ingila kuwa 22.

Wata guda bayan Lord's na zauna da dare na kalli ɗaya fuskar lamarin. A filin Sabina Park na Kingston, Ostireliya ta fitar da West Indies gaba ɗaya a kan maki 27. Sau ɗaya tak aka taɓa yin ƙasa da haka a tarihin Test, a 1955. Wannan fa ita ce tawagar Viv Richards da Brian Lara, wadda ta ci kofin duniya biyu na farko a 1975 da 1979. Ba zan ce gasannin kamfani kaɗai suka jawo ba, matsalarsu ta daɗe. Amma yaron da ke tasowa a Barbados yau ya san inda kuɗi yake, ya kuma san ba a tsayuwar awa shida ana kare sanduna ake samunsa ba. Da Ingila da Indiya suka yi wasanni biyar na Test a bazarar 2025 suka tashi 2-2, filaye cike, Chris Woakes ya fito bugu a Oval da hannu ɗaya a ɗaure, sai na gane wasan kwana biyar yana nan da ransa a ƙasashe uku masu kuɗi, Indiya da Ingila da Ostireliya. Sauran ne ake bari a baya.

Dole in faɗi alherin tsarin ma, domin na gan shi da idona. Ina Haidarabad a 2017 lokacin da Sunrisers ta ɗauko wani matashi ɗan Afganistan, Rashid Khan. A 2024 shi ya ja ƙasarsa har wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya na T20, kuma ba na jin hakan zai yiwu ba tare da gogewar da shi da abokansa suka samu a waɗannan gasanni ba. Mata ma sun samu tasu gasar a Indiya tun 2023, kuma a Nuwamban 2025 matan Indiya suka ci kofin duniya karo na farko. A Janairun 2025, 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke New Zealand da maki 2 a Malesiya. Idan wata daga cikinsu za ta ci abinci da kurket wata rana, ta ƙofar gasar kamfani za ta shiga, ba na shakka.

Wanda yake son IPL da SA20, ko yake son koya wa yaransa wasan, manhajar za ta gamsar da shi, in dai yana da intanet mai ƙarfi kuma zai iya jure tallan. Wanda kuma Test ce a ransa, ya tambayi jerin wasannin da za su nuna kafin ya biya, kada ya dogara da hoton shafin farko. Ni ban sabunta na shekara ba. Na koma biyan wata-wata, ina duba jadawalin wasannin ƙasashe kafin in tura kuɗi, kuma na sake rubuta musu karo na uku a kan tallan caca da sanarwar wasannin kwana biyar.