Kemis ɗin da ya hana ni Valium a Gombe

Wani kemis a Tudun Wada nan Gombe wlh ya burge ni. Na je neman Valium don bacci ya ƙaurace min, mai shagon yace ba takardar likita ba magani, ya zaunar dani kan benci yana min bayani, wai Valium ɗin, wato diazepam, ƙarfafa sinadarin GABA yake, shine birkin ƙwaƙwalwa, in jiki ya saba sai ka riƙa ƙara ƙwaya. Piriton kuwa histamin yake toshewa, wanda ke tsare mutum a farke, shi yasa da safe kai ke nauyi. Yace in bar shayin dare, kafeyin ɗinsa na tare adenosin mai jawo bacci. Farashinsu dai da ɗan tsada, layin bayan magariba kuma sai haƙuri.