Mako shida a ajin kwamfuta na ma'aikatan ofis: abin da na samu, da inda suka gaza

Shekara tara ke nan ina riƙe da ofishin rajista na wata makarantar kuɗi a Zariya, mai firamare da ƙaramar sakandare. Ni ke shigar da sunayen ɗalibai, ni ke buga sakamakon jarrabawa, ni ke rubuta takardun da ake aika wa iyaye. Duk a kwamfuta nake yi, amma ban taɓa zama a aji an koya mini ita ba. Gani na yi ana yi na kwaikwaya, yau wannan ya nuna mini abu ɗaya, gobe wancan ya ƙara mini wani.

Abin da ya kai ni aji ya faru ne a ƙarshen zango na uku. Firintar ofis ta ƙi aiki, sai na kwashi sakamakon yara a filash na kai wani shagon buga takardu. Da na dawo na soka filash ɗin a kwamfutarmu, sai na tarar duk foldojin sun rikiɗe sun zama wasu 'yan alamomi masu kibiya a gefe, in ka danna ba abin da ke buɗewa. Kuma a filash ɗin kaɗai nake aikin, ban ajiye kwafi a ko'ina ba. Kwana uku na yi ina sake shigar da makin yara sama da 200 daga takardun malaman aji, iyaye na ta sintiri a bakin ofis. Bayan an yi hutu mai makarantar ya kira ni ya ce in nemi inda ake koyarwa, zai biya rabin kuɗin.

Cibiyar da na shiga tana Sabon Gari. Kwas ne na mako shida da suka tsara don masu aikin ofis, sau uku a mako, daga bayan la'asar zuwa dab da magariba, a kan naira 35,000. Mu 14 ne a ajin: akawu biyu daga ƙaramar hukuma, wata Hajiya mai riƙe da lissafin wani kantin magani, matasa masu neman aiki, sai ni.

Malaminmu matashi ne, na kusa haifarsa, amma ya san aikinsa kuma ba ya gajiya da tambaya. Da Hausa yake bayani, sai dai sunan da ke rubuce a kan allon kwamfuta ya faɗe shi yadda yake. A zama na biyu na ba shi labarin filash ɗina. Ya ce, "Baba, yana nan ko kun goge shi?" Na ce yana cikin aljihun tebur, tun ranar ban sake taɓa shi ba. Washegari na kawo. Ya soka shi a wata kwamfuta da ya keɓe don irin wannan, ya tara mu a bayansa, ya fara kashe bairos ɗin, wato cutar kwamfutar da ta shiga filash ɗin, sannan ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni ya buga layi ɗaya da ya fara da attrib. Ko minti ɗaya ba a yi ba sai ga foldojina sun fito reras, daga aji ɗaya har aji shida, da na sakandare, ba abin da ya ɓata. Na daɗe ina kallon allon ban ce uffan ba. Ashe irin wannan bairos ɗin ba ya goge komai, ɓoye foldojin yake yi ya ajiye na bogi a gurbinsu, duk wanda ya danna na bogin ya shigar da cutar cikin kwamfutarsa. A wurina wannan zaman kaɗai ya fanshi kuɗin.

Mako biyu muka yi a kan adana fayil, kuma nan ne kwas ɗin ya fi ƙarfi. Ya sa kowa ya faɗi sunayen da yake ba takardunsa. Nawa su ne "sakamako", "sakamako sabo", "sakamako na ƙarshe", "na ƙarshe 2", kuma kusan kowa a ajin haka yake yi. Ya koya mana fara suna da kwanan wata, shekara a gaba, sai wata, sai rana, kamar 2025-07-18, domin ta haka kwamfuta ke jera su bi da bi da kanta. Folda kuma a yi ta gida-gida: shekarar karatu, cikinta zango, cikinsa aji. Maganarsa da ta zauna mini ita ce filash jakar hannu ce, ba rumbu ba ne. Da shi ake ɗaukar kaya, ba a cikinsa ake ajiya ba. Duk takarda mai muhimmanci ta zama tana da kwafi uku, a ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen ginin ofis saboda gobara ko ɓarawo. Ya nuna mana Google Drive, ma'ajiyar fayil ta intanet da ke ba da gigabait 15 kyauta, ya kuma ja hankalinmu cewa da Gmail da hotunan da waya ke turawa duk daga wannan kason suke ci, shi ya sa yake cika ba a sani ba. In za a kai aiki shagon bugawa, a mayar da shi PDF a tura ta imel, filash ya yi zamansa a ofis.

Akwai wani ɗan abu da ya nuna wanda ban taɓa ji ba. Windows kan ɓoye wutsiyar sunan fayil, wato haruffan nan na ƙarshe da ke nuna ko wane iri ne. Saboda haka ɗan damfara zai turo maka abu mai suna rasit.pdf.exe, kai kuma rasit.pdf kawai za ka gani, ka ɗauka takarda ce alhali manhaja ce. Danna biyu ne ake yi a saitin folda wutsiyar ta riƙa bayyana. Ranar da na koma ofis shi na fara gyarawa.

A darasin kalmar sirri ya ce duk mai amfani da lambar wayarsa, ko shekarar haihuwarsa, ko sunan ɗansa ya ɗaga hannu. Mutum uku ne kawai ba su ɗaga ba. Bai tsorata mu da dokokin alamomi barkatai ba. Ya ce tsawo ya fi rikitarwa amfani: ka haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, irin su tukunya, Alhamis, gishiri, jirgi, ka raba su da wata alama, ka sami abin da kai za ka iya riƙewa amma mai hasashe ya sha wuya. Ya ƙara da shawarar da sai Bahaushe zai ba ka, cewa a guji kalmomi masu ƙ da ɗ da ɓ, domin wata rana za ka zauna gaban kwamfutar da ba ta da su ka rasa yadda za ka shiga. Babban kashedinsa shi ne kada kalma ɗaya ta buɗe imel da Facebook da manhajar banki, don in aka sace ta a wuri guda sauran ƙofofin duk sun buɗe.

Hajiya ta ce, "To Malam, ni da ko lambar wayar 'yata ban riƙe ba, ina zan zuba kalmomi goma?" Ya nuna mata ma'ajiyar kalmomin sirri da ke cikin Chrome, manhajar shiga intanet, da wata manhaja mai suna Bitwarden. Da ya ga ba ta sake da su ba, ya ce ta sami ɗan littafi ta rubuta ta kulle a gida, hakan ya fi maimaita kalma ɗaya, ya kuma fi takardar da ake liƙawa a ƙarƙashin kibod. Na ji daɗin wannan amsar, domin ya duba mai tambayar ne kafin ya ba ta.

Kafin mu tashi ranar sai da kowa ya kunna tabbaci mai mataki biyu a imel ɗinsa, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara wata shaidar ta waya kafin a shiga, ya kuma sa lambar sirri mai lamba shida a WhatsApp. Wannan ya shafe ni kai tsaye, don ni ke kula da zauren iyayen yara. Ya bayyana yadda ake ƙwace layi: a kira ka a ce za a yi taron ƙungiya ta intanet, an turo maka lambar shiga, ka karanto ta. Wannan lambar ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinka, kana faɗa sai su fara bin mutanenka suna neman rance da sunanka. Ya kuma tuna mana cewa tun 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan jama'a. Na yi tunanin abin da ke cikin kwamfutata, sunayen yara da ranakun haihuwarsu da lambobin iyayensu da wanda ake bi bashin kuɗin makaranta, ga shi nakan tashi sallar azahar in bar ta a buɗe. Amana ce nake wasa da ita ban sani ba. Yanzu ko ruwa zan sha sai na danna maɓallin Windows da L.

Ɓangaren shiga intanet ya yi kyau amma an yi shi a gurguje. Mun koyi karanta adireshin shafi kafin a danna, da cewa yawancin shafukan gwamnatin Najeriya da gov.ng suke ƙarewa, don haka saƙon tallafi ko ɗaukar aiki da ya kai ka wani adireshi daban abin zargi ne. Banki ba ya neman lambar sirrin katinka ko lambar da yake turowa ta waya. Duk saƙon da ya ce ka yi yanzu-yanzu ko a rufe asusunka, gaggawar ita ce tarkon.

Sai inda suka gaza, kuma ba kaɗan ba ne. Kwamfutoci tara ne ke aiki ga mutum 14, ko da yake da muka je biyan kuɗi an ce kowa zai sami tasa. Wanda ya makara sai dai ya leƙa ta kafaɗar wani, kuma wannan ilimi ne da sai hannu ya yi yake zama. Uku daga cikinsu Windows 7 ke kansu, wadda aka daina yi wa gyaran tsaro tun Janairun 2020, a ajin da ake koya mana muhimmancin sabunta manhaja. Sau biyu aka ɗauke wuta aka ce babu man janareta, muka koma gida, ɗaya kawai aka rama mana.

Takardar darasin da suka raba ta fi ba ni haushi. Da Turanci take, an yi ta kwafa har ta dushe, kuma tsohon bayani ne. A ciki an rubuta cewa in ka ga alamar kwaɗon kulle ƙofa a gefen adireshi to shafin amintacce ne. Malamin da kansa ya sa muka soke layin, ya ce kwaɗon yana nufin ba mai leƙa saƙonka a hanya ne kawai, bai ce mai shafin mutumin kirki ba ne, 'yan damfara ma suna da shi, shi ya sa Chrome ya cire alamar a 2023. To wanda bai zo ranar ba fa? Ya tafi gida da kuskure a rubuce.

Excel, manhajar lissafi da jera maki, zama biyu kacal aka ba shi, ni kuwa da shi nake ci. Mun tsaya a tarawa da fitar da matsakaici, ba mu kai ga jera ɗalibai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe ba. Na tambayi yadda ake buga haruffan Hausa masu lanƙwasa a Word, aka ce ba ya cikin manhajar kwas ɗin. Daga baya wani abokin aiki ya nuna mini cewa a saitin harshe na Windows ake ƙara kibod ɗin Hausa. A garin Zariya, ga mutanen da ke rubuta wa iyaye takarda da Hausa, wannan bai kamata ya zama abin nema a waje ba. A makon ƙarshe kuma aka ce takardar shaida sai an ƙara naira 3,000, maganar da ba a yi ba da farko.

Duk da haka, wanda ya iya buga takarda amma bai san inda take kwana ba, irina, zan ce masa ya je. Wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba zai wahala, domin ba a tsayawa a kan wannan. Ni dai zangon da ya wuce na fitar da sakamako ba tare da filash ya bar ofis ba, kuma kowace Juma'a kafin in tafi masallaci nakan tura kwafin aikin mako zuwa Drive. Har yanzu ina fama da mai makarantar a kan ya yarda a buɗe wa kowane malami nasa asusun a kwamfutar ofis, maimakon kalma ɗaya da kowa ya sani har da masu yi wa ƙasa hidima da suka gama suka tafi. Cibiyar ta ce za ta buɗe ajin Excel zalla bayan sallah. In malamin nan ne zai koyar zan koma, amma sai na shiga ajin na ƙirga kwamfutocin da ke kunnuwa kafin in biya.