Gargaɗi: 'Yan damfara na fakewa da ceton kyanwar Siyam suna karɓe kuɗin jama'a

Jama'a, musamman 'yan'uwanmu mazauna Ingila da Amurka, da na gida waɗanda sha'awar kiwon kyanwa 'yar waje ta shiga ransu, a yi hattara da shafukan da ke kiran kansu gidan ceton kyanwoyi, suna yaɗa cewa akwai 'ya'yan kyanwar Siyam da ke neman mai riƙo. Da yawa daga cikinsu ba su da gida, ba su da kyanwa, ba su taɓa ceton komai ba. Hotunan sata ne kawai da lambar asusu.

Wata baiwar Allah da muke zumunci da ita a nan Ingila ta faɗa hannunsu kwanan baya. 'Yarta ce ta daɗe tana roƙon a samo mata kyanwa, uwar ta ga shafin a Facebook, ta ga fuskokin nan masu duhu da idanu shuɗɗa, ta ce ai gara ta ɗauki wadda aka ceto ta samu lada. Ta biya, ta sake biya, har yarinyar ta raɗa wa kyanwar suna, an sayi kwanon abinci da akwatin yashi an ajiye. Kyanwa ba ta zo ba. Kuɗin ya yi mata ciwo, amma ta ce abin da ya fi ƙona mata rai shi ne zaunar da yarinya ta faɗa mata cewa tun farko babu wata kyanwa.

Ga yadda suke yi. Za ka ga sanarwa mai sosa rai: wai mai kyanwar tsohuwa ce ta rasu, ko an tsince su a kwali bakin hanya, ko wurin ya cika za a kashe su idan ba a samu mai ɗauka ba kafin ƙarshen mako. Kana tura saƙo za a amsa nan take, a ce mu koma WhatsApp. Sai a turo maka takardar cikewa mai kama da ta gaske, har da tambari. Ko minti goma ba za a yi ba za a ce an amince da kai. Sai a ce akwai wasu mutum biyu da ke son wannan kyanwar, ka ba da ɗan kafin alƙalami a riƙe maka. Wannan kuɗin na farko da gangan suke ƙanƙanta shi, don ka ce ai ba komai.

Daga nan ne ainihin wasan ke farawa. Duk inda ka ce kana zaune, kyanwar tana can nesa. In kana Manchesta, tana wani ƙauye a arewacin Sikotilan. In kana Kano, tana Legas ko Fatakwal, ko ma Kotono. In ka ce za ka je da kanka, sai uzuri ya ɓullo: mai kula da wurin tana asibiti, ko doka ta hana baƙi shiga. Sai a haɗa ka da wani kamfanin jigilar dabbobi, wanda su ɗin ne dai suka sake riga. Kamfanin ya turo lambar bibiyar kaya da shafin da ke nuna kyanwarka na kan hanya. Washegari sai saƙo: an tsayar da ita a filin jirgi, wai kejin da aka sa ta bai dace ba, sai an yi hayar mai na'urar daidaita zafi da sanyi. Ka biya, a ce saura inshora. Ka biya, a ce saura allura, saura takardar izini. Kowane ɗaya kuma sai a ce za a mayar maka da shi da zarar an kawo ta ƙofar gida. Ranar da ka ce ka gaji, sai murya ta sauya. A ce kyanwar na nan ba ci ba sha saboda kai, za a kai ƙararka kan laifin yasar da dabba, har a turo maka wasiƙar bogi da sunan 'yan sanda. Mutumin da ke zaune a ƙasar wasu da takardar karatu ko ta aiki, jin kalmar 'yan sanda kaɗai ya isa ya sa shi tura kuɗi. Sun san da haka.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne da tausayinmu suke kama mu. Mun taso muna jin hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Wanda ya girma da wannan, aka ce masa ga kyanwa can a keji tana jin yunwa a dalilinsa, ba zai iya barci ba. Akwai kuma waɗanda ke ƙyamar sayen kyanwa da kuɗi saboda hadisin Jabir kan kuɗin kyanwa, duk da cewa mafi yawan malamai sun halatta cinikin. Irin waɗannan, da an ce musu "ba sayarwa muke ba, kuɗin mota kawai za ka biya", sai hankalinsu ya kwanta. Niyyarsu mai kyau ce, ita ce kuma ɓarawon ke ci.

Sanin ita kanta kyanwar yana tona asirinsu. Asalinta daga Tailan ne, ƙasar da ake kira Siyam kafin 1939. A 1878 ƙaramin jakadan Amurka a Bankok ya aika da guda ɗaya ga matar shugaba Rutherford Hayes, a 1885 kuma aka nuna wasu a baje kolin kyanwoyi na Landan, tun daga nan Turawa suka ɗauke ta da daraja. Duhun da ke fuskarta da kunnuwa da ƙafafu da wutsiya yana da dalili: sinadarin da ke ba gashinta launi ba ya aiki sai a sassan jikin da suka fi sanyi. Shi ya sa ake haihuwar 'ya'yanta farare fat, don cikin uwa da ɗumi, sai a hankali launin ke fitowa cikin makonni, ya ci gaba da duhu har ta girma. To idan aka nuna maka hoton kyanwa mai fuska baƙa ƙirin aka ce jiya-jiyan nan ta buɗe ido, ƙarya ce. Haka nan duk ɗan kyanwa, ko na bayan gidanmu ne, idonsa shuɗi ne a makonnin farko, sai wajen mako shida zuwa bakwai yake fara sauyawa. Da wannan wasu ke cutar mutane ido da ido, su miƙa maka farar 'yar kyanwa ta gida su ce Siyam ce, bayan wata biyu ido ya koma ruwan ɗorawa, mai sayarwa ya ɓace.

Sannan a yi tunani. Kyanwa mai tsada irin wannan, 'ya'yanta ba sa yawo a gidajen ceto. Waɗanda ake samu galibi manya ne da masu su suka gaza, ko ruwa-biyu. Suna gazawa ne kuwa domin kyanwar Siyam tana da surutu, kukanta da ƙarfi, ba ta jure kaɗaici, tana iya kai shekara 15 ko fiye tana buƙatar kulawa. Gidan ceto na gaskiya zai faɗa maka wannan tun kafin ka tambaya. Shafin da kullum yake da 'ya'yan Siyam na kowane launi, ga na Farisa, ga marasa gashi, duk kyawawa, duk lafiyayyu, duk a shirye yau, wannan ba ceto yake yi ba.

Masu ceto na gaskiya kai suke bincika kafin su ba ka. Ƙungiyoyi irin su Cats Protection da RSPCA da Battersea a nan Birtaniya za su tambaye ka gidan haya ne ko naka, mai gida ya yarda da dabba, akwai ƙananan yara, wa ke gida da rana. Wani lokaci har tambayoyin su ishe ka, kuma suna iya hana ka. Suna karɓar kuɗin ɗauka, amma a fili yake, kuma kyanwar na zuwa da tarihin lafiyarta, an yi mata rigakafi, an sa mata ƙwayar shaidar nan da ake dasawa ƙarƙashin fata, wadda tun 10 ga Yuni 2024 doka ta wajabta a Ingila kafin kyanwa ta cika mako 20. Ƙungiyar agaji mai rajista tana da lamba da kowa zai iya dubawa a shafin hukumar kula da ƙungiyoyin agaji, a Amurka kuma a shafin hukumar haraji ta IRS. Sai dai a lura, ɓarayin na kwafar suna da lambar ƙungiya ta gaske. Kada ka kira lambar wayar da suka ba ka. Nemo ta ƙungiyar da kanka, ka tambaye su ko sun san da wannan kyanwar.

Batun kawowa daga wata ƙasa kuma, doka kaɗai ta isa ta ƙaryata su. Ba a yi wa kyanwa allurar ciwon haukan kare sai ta kai mako 12, kuma Birtaniya na buƙatar a jira kwana 21 bayan allurar. Idan daga ƙasar da ba ta cikin jerin amintattu ne, har da Najeriya, sai an gwada jini sannan a jira wata 3. Wanda ya ce zai sauke maka 'yar mako 8 a filin jirgin Heathrow na Landan jibi, bai san aikin ba ko kuma ya raina maka hankali. Shigo da dabba Najeriya ma sai da izinin hukuma, kuma ba a biyan kuɗin gwamnati a asusun wani mutum.

Wannan cuta ba sabuwa ba ce. A 2017 ƙungiyar Better Business Bureau ta Amurka ta fitar da bincike da ya nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na tallace-tallacen dabbobin gida da ake biya a ɗora a sakamakon bincike na intanet na iya zama na bogi, ta kuma gano cewa da yawa daga Kamaru ake juya su. A Afrilun 2022 kamfanin Google da kansa ya maka wani mazaunin Kamaru a kotu a Kalifoniya kan shafukan ƙarya na sayar da 'yan kwikwiyo. Abin kunya ne a gare mu 'yan yankin Najeriya da Kamaru, kuma mutanen kirki na can ne ke kwana a ciki. Ban kawo shi don a zargi wata ƙasa ba, sai don a gane cewa mai yi maka magana da sunan wata dattijuwa a Sikotilan yana iya kasancewa ko'ina.

Ba a cinikin biri a sama. Kada ka tura ko sisi sai ka ga kyanwar da idonka, a wurin da take zaune. In nisa ya hana, nemi kiran bidiyo kai tsaye, ka ce a ɗaga ta, a juya ta, a nuna maka ɗakin, a faɗi sunanka. Bidiyon da aka turo ba hujja ba ne, na wasu ne suke saukewa, yanzu ma har ƙirƙirarsa ake yi da kwamfuta. Sa hoton a manhajojin binciken hoto irin su Google Lens ko TinEye, sau da yawa za ka tarar da shi a shafin wani mai kiwo a wata ƙasa tun shekarun baya. Duba yaushe aka buɗe shafin, ko an taɓa sauya masa suna, ko an rufe wurin sharhi. Facebook ma ya hana sayar da dabbobi a kasuwarsa, shi ya sa suke lulluɓe abin da kalmar riƙo. Idan aka ce ka biya da katin kyauta, ko kirifto, ko Western Union, ko ta zaɓin "'yan'uwa da abokai" na PayPal, tsaya nan, domin waɗannan hanyoyi ne da kuɗi ba ya dawowa. Kada kuma ka tura hoton fasfo ko lasisin tuƙi, da shi za su damfari na gaba da sunanka.

Wanda ya riga ya biya, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ka daina tura kuɗi yanzu, barazanar ƙara duk iska ce, babu kyanwar da ke mutuwa a ko'ina. Ɗauki hoton duk hirarrakin da rasit da lambar asusun kafin su goge. Kira bankinka a ranar. A Birtaniya lambar 159 tana haɗa ka da bankinka kai tsaye, kuma tun 7 ga Oktoba 2024 akwai ƙa'idar da ta tilasta wa bankuna mayar wa mafi yawan waɗanda aka yaudara suka tura kuɗi tsakanin asusun cikin ƙasar, har zuwa fam 85,000, matuƙar an kai kuka cikin wata 13. A Amurka a kai rahoto ga hukumar kare masu saye ta FTC da sashen laifukan intanet na IC3 da ke ƙarƙashin hukumar bincike ta FBI. A Najeriya a sanar da banki da EFCC. Bayan haka wani zai iya tuntuɓarka ya ce shi lauya ne ko jami'i, zai ƙwato maka kuɗinka in ka ba da ɗan na aiki. Su ne suka dawo, toshe lambar.

Mai shafin da ya san ana sanya irin wannan talla a rukuninsa na WhatsApp ko Facebook, don Allah ya goge, ya kuma sanar da mambobi dalilin gogewar.