Sharhi: barong na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu da aka tallata a matsayin na ƙarni na 19

Wuƙar mai kyau ce, amma shekarun da dillalin kayan tarihin ya ba ta ba nata ba ne. Barong ce irin ta Tausug, Musulmin tsibiran Sulu a kudancin Filifin: ruwanta mai siffar ganye, kaifi gefe ɗaya, tsawo santimita 38, kaurin baya milimita 7 a gindi. Nauyin ya rinjaya gaba, da ka riƙe ta ka san don sara aka ƙera ta.

Abin da ya tona asirin tallar shi ne zoben mariƙi, wanda masu tara makaman Moro, wato Musulmin kudancin Filifin, ke kira punto. A tsofaffi azurfa ce ko tagulla. Wannan alminiyon ne, ba nauyi, kuma ya yi toka-toka inda azurfa za ta yi baƙi. Maganaɗisu ba zai raba gardama ba, domin alminiyon da azurfa duka ba ya kama su. Alminiyon ya wadata a hannun maƙeran yankin ne lokacin yaƙi, daga tarkacen jiragen sama, tsakanin shigar Japan tsibirin Jolo na Sulu a Disamba 1941 da saukar sojojin Amurka a Afrilu 1945, aka ci gaba da aiki da shi bayan nan.

Don ganin yadda aka ƙera ƙarfen, na goge ruwan wuƙar da sabulu, na shafa masa binega mai ɗumi, bayan minti 10 na wanke da ruwan kanwa. Babu layukan ninkin ƙarfe irin na tsofaffin barong, sai duhu a bakin kaifi inda aka ba shi ruwa. Ƙarfe ɗaya ne tilo, kamar sifirin mota.

Kuben ma ya faɗi gaskiya. Yana da tudu kamar kunyar gona a tsakiya, an naɗe shi da ratan (igiyar wani tsiro mai kama da gora) kusan kaf, tsofaffin kube kuwa shafaffu ne, naɗinsu kaɗan. An kuma ɗaura masa madauri na kakin soja don rataya a bel, alhali a al'ada a ɗamara ake soke barong. Kan mariƙin dai na gargajiya ne, siffar akun da suke kira kakatua, sai dai tukkun ya fi faɗi da yawan sassaƙa.

Aibinta biyu: mariƙin yana ɗan girgiza saboda ƙaron da ya riƙe wutsiyar ƙarfen ya bushe, ratan kuma ya tsinke wuri uku. Kada a ɗura gam mai ƙarfi, yana hana gyara nan gaba. Ƙaro ake narkawa a mayar. Tsatsa kuwa sai soson ƙarfe mai laushi sosai (lamba 0000) da ɗan mai, ban da injin wasa.

Ta cancanci saye a farashin kayan zamanin yaƙin, wanda bai kai na ƙarni na 19 ba. Kafin biya, a nemi hoton punto da na kube daga kusa.