Datawrapper: abin da take iyawa da taswirar Kano

Aikina tattara alƙaluman rijistar yara a makarantun firamare ne, kuma duk wanda ya taɓa miƙa wa shugaban ma'aikata tebur mai layi 44, ɗaya ga kowace ƙaramar hukumar Kano, ya san ba karantawa zai yi ba. Shi ya sa na koma Datawrapper, manhajar mayar da alƙaluma zane da taswira ta wani kamfani da ke Berlin, wadda aka fara ta a 2012 domin 'yan jarida.

Amfani da ita ba wuya. Ka kwafo alƙalumanka daga Excel ka liƙa, ka duba ko ta gane wane ginshiƙi ne suna wane ne lamba, ka zaɓi irin zanen, ka wallafa. Kyauta ce, sai dai sunanta zai fito a ƙasan zanen. Ba ta yarda zanen sanduna, wato wanda tsawon kowace sanda ke nuna yawan adadi, ya fara daga wani wuri ba sifili ba, kuma na ji daɗin wannan taurin kai, domin da yanke gindin sanda ake mayar da ɗan bambanci ya zama abin tashin hankali. Tana kuma nuna maka yadda mai matsalar bambance launuka zai ga zanenka.

Wajen taswira ne sai ka yi hattara. In ka shafe kowace ƙaramar hukuma da launi gwargwadon adadinta, Doguwa da Tudun Wada da Sumaila za su cika ido saboda faɗin ƙasarsu, alhali Fagge da Dala da Gwale da Tarauni, inda jama'a suke cunkushe, sai ka matso da fuska kafin ka gan su. Mai kallo ƙasa yake gani, ba yara ba. Manhajar ba za ta yi maka wannan tunanin ba, amma ta ba da mafita: taswira mai ɗigo, inda girman ɗigon ke bin yawan mutane. Ni yanzu launi na bar wa kaso cikin ɗari, ɗigo kuma ga ainihin adadi.

Ka gyara rubutun sunaye tun a Excel, musamman irin su Nassarawa da wani kan rubuta da "s" ɗaya, in ba haka ba wurin zai fito fayau babu launi.

A intanet kaɗai take aiki, don haka ranar da sabis ya yi rauni sai haƙuri. Mai neman lissafi mai zurfi kuma ya gama shi a wani wuri tukuna, ita zane kawai ta sani.