Ƙungiyar 'yan gudu ko manhajar waya: amsa ga mai shirin fanfalakinsa na farko

Ɗan'uwa, ka ce ka yi rajistar gudun fanfalaki, kana ta waswasi tsakanin shiga ƙungiyar 'yan gudu da biyan kuɗin manhaja ka riƙa atisaye kai kaɗai. Shiga ƙungiya. Na ɗanɗana duka biyun, kuma akwai ɗayan da har yau in na tuna kuɗin da na zuba masa sai na ja tsaki.

Da manhaja na fara. Na biya kuɗin shekara guda cur, na ƙara da agogo mai GPS, irin wanda ke ƙirga bugun zuciya har da barcin mutum. Ta tsara mini sati 18 tsaf. A sati na bakwai ƙwaurina na hagu ya fara zogi, jadawali ya ce kilomita 16, ni kuma na ce ai an biya kuɗi, sai a yi. Waya ba ta da idon da za ta ga kana ɗingishi. Sati biyar na yi a zaune ina ɗora ƙanƙara a ƙafa, tseren ya zo ya wuce ba ni ciki. In zan yi mata adalci, lissafin nisa ba ya kuɓuce mata, kuma tana tuna maka ranar hutu. Yabon ya tsaya nan.

Shekarar da ta biyo na bi wani abokin aikina zuwa ƙungiyarsu, ina ta cika baki da agogona. Ranar farko wani dattijo da kowa ke kira Baba ya jero da ni. Gashin kansa fari fat, takunsa gajere kamar ba ya so. Muka yi kamar kilomita biyu ya ce in ba shi labarin aikina. Na buɗe baki, haki ya hana ni haɗa jimla ɗaya. Ya ce, "Yaro, in ba ka iya hira kana gudu, ka yi sauri da yawa. Koma bayana." Raina ya ɗan sosu, amma na koma. Daga baya na gane cewa yawancin atisayen fanfalaki, kusan kashi huɗu cikin biyar, a wannan takun na hira ake yin sa, kuma ni duk watannin da na yi da manhaja kowane fita tsere nake yi da agogo.

Inda ƙungiya ta gama saye ni shi ne dogon gudu na ƙarshen mako. Fanfalaki kilomita 42.195 ne, nisan da aka gada daga gasar Olamfik ta Landan a 1908, kuma ba farkonsa ne ke kayar da mutane ba. Jiki yana tara sukari a tsoka da hanta, ajiyar nan takan fara ƙarewa wajajen kilomita 30 zuwa 35, sai ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata bulo, zuciya ta fara raɗa maka cewa tsayawa ba laifi ba ne. Maganinsa shi ne dogon gudun da ake ƙara wa tsawo sannu sannu har ya kai kilomita 30 ko 32. To ka faɗa mini, wa zai tashi gari bai waye ba, ya yi awa uku da wani abu yana gudu shi kaɗai, sati bayan sati? Akwai masu iyawa. Ni ba na cikinsu.

Ranar da muka yi 32 na farko, a kilomita 27 na ji komai ya kwance. Na fara jan ƙafa, bororo ya fashe mini a ɗan yatsa, safa ta jiƙe. Baba bai ce mini uffan ba a kan jarumta. Ya rage taku, ya miƙo mini gorar ruwansa, ya ce in saki kafaɗa, in daina kallon agogo, in kalli dugadugansa kawai. Wata baiwar Allah da ke bayanmu ta fara ƙirga mana sandunan fitilar hanya da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Haka muka lallaɓa biyar ɗin da suka rage. Da ni kaɗai ne, wallahi da tuni na nemi abin hawa.

Kuma kada ka ɗauka wannan abin ragwaye ne. Eliud Kipchoge, zakaran gudun fanfalakin nan ɗan Kenya, duk da sunansa, a sansanin Kaptagat na ƙasar Kenya yake atisaye cikin ayari, ƙarƙashin kocinsa Patrick Sang. Ranar da ya gama fanfalaki ƙasa da awa biyu, 1:59:40, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 2019, 'yan gudu 41 ne suka riƙa karɓa-karɓa suna riƙe masa taku da tare masa iska, kuma yana daga cikin dalilan da ba a lissafa lokacin a matsayin tarihin duniya na hukuma ba.

Ƙungiya tana da nata ciwon, ba zan ɓoye maka ba. Ganin ido yana kashe sabon shiga. Za ka ga wasu sun fizga, zuciyarka ta ce ai ba su fi ka ƙafa ba, ka bi su, ka dawo da ciwon gwiwa ko agara. Don haka kafin ka ba da sunanka, ka tambaya ko suna raba mutane rukuni-rukuni bisa taku, ko akwai mai tsayawa a can baya don kada a bar kowa a hanya, da yadda suke tanadin ruwa a dogon gudu. Ka kuma duba ko ranar tseren da suke shirya wa ta yi kusa da taka, domin sati biyu zuwa uku na ƙarshe rage gudu ake yi jiki ya murmure, kuma ba ka so ranar da ya kamata ka huta su ja ka 30. Ƙungiyar da kowa ke tsere da kowa kullum, ka bar musu kayansu.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa, domin an taɓa yi mini. Da zarar masu talla a intanet sun ji ƙanshin sabon ɗan gudu, za su yi maka caa da takalman nan masu farantin kabon a tafi. Jabu sun cika kasuwa. Hoton na asali za a nuna maka, a aiko maka da wanda sosonsa zai lotsa kafin wata ya zagayo. Na yi wa rogo kallon kitse sau ɗaya, gwiwata ce ta biya bashin. Ka gwada lambar da ke jikin harshen takalmin da ta jikin kwali, ka saya inda za ka iya sawa ka taka, kuma inda za a karɓa in ka mayar. Ga fanfalakin farko ma ba ka bukatar mai kabon. Takalmi na gaske mai daɗin sawa yakan kai ka kilomita 500 zuwa 800, kuma kada ka kuskura ka ɓare sabo ranar tsere. Haka nan masu kiran kansu koci da ke alƙawarin gama fanfalaki ƙasa da awa huɗu cikin sati takwas, jadawali ɗaya suke tura wa kowa, suna ne kawai suke canzawa a sama. Mai sayar maka da lambar ƙirji ta wani, wato lambar shiga tsere da aka yi wa rajista da sunan wani, ma ka guje shi, manyan tsere da yawa sun hana, in an kama ka kai za a kora.

Agogon nan nawa yana nan, ina ɗaura shi don sanin nisa kawai. In kana da irinsa ka riƙe, in babu wayarka ta isa. Ka je wurin ƙungiyar ranar fitarsu ta gaba, ka tsaya a rukunin da ya fi kowa jinkiri ko da kana jin ka fi ƙarfinsa, kuma kada ka sayi komai sai ka yi sati huɗu tare da su.